Jarumin Amurka cikin rigar Kurfai

Wani magidanci a Filinge ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Da ya fara gane baƙi, sai ya ce bari ya duba kayen ɗansa na lakkwal. Ya buɗe shafin farko, ya ga lissafi. Ya buɗe na ƙarshe, sai ga wani ƙaton mutum an zana da bik. Ƙirjinsa ya yi faɗin ƙofar zaure. Yana tashi sama, mayafi na kaɗawa bayansa. Amma ga malfa bisa kansa, ga layu a dantsensa, ga hauya ta tsaye a hannunsa.

Uban ya ce: «Kai, wannan mi na? Na saye ma kaye don ka zana aljannu?»

Yaron ya ce: «Baba, ba aljani ba na. Superman na, amma na garinmu.»

Ƴan'uwa masu karatu, da yawa cikinmu mun taɓa ganin irin wannan zane. Mun gan shi cikin kaye, ko bisa allo, ko jikin bango da gawayi. Kafin mu tsage takardar, kafin mu ɗauki tsumagiya, ya kamata mu san abin da yaron yake yi.

Su wane ne waɗannan jarumai?

Akwai wasu littattafai da ake ba da labari cikinsu da zane. Ana raba shafi gida-gida. Kowane gida da hotonsa, da ƴar maganar da mutanen ciki suke yi. Ƴan lakkwal suna ce musu «bede». Cikin irin waɗannan littattafai ne jaruman sunka fito, a ƙasar Amurka.

Babbansu shi ne Superman. Ya fito a 1938. Samari biyu sunka ƙago shi a birnin Kilibilan: Jerry Siegel mai tsara labari, da Joe Shuster mai zane. Ɗiyan talakawa ne. Shuster ma wani lokaci ba ya da kuɗin takarda, sai ya yi zane bayan tsofaffin takardun da anka zubar. Cikin labarin, Superman jariri ne da ya faɗo daga wata duniya. Wani manomi da matarsa sunka tsince shi, sunka rene shi. Da ya girma ya zama mai ƙarfin gaske, harsashi ba ya huda shi, har tashi sama yake yi.

A 1939 Batman ya biyo baya. Shi ba ya da wani ƙarfi na daban. Ɓarawo ya kashe iyayensa yana ƙarami, shi ya sa yake farautar miyagu da dare, cikin baƙaƙen kaya masu kama da jemage. A 1941 anka samu mace, Wonder Woman. A 1962 Stan Lee da Steve Ditko sunka fito da Spider-Man. Shi maraya ne, ɗan makaranta. Gizo-gizo ya cije shi, sai ya samu ikon hawan bango. A 1966 kuma Black Panther ya fito. Baƙar fata ne, sarkin wata ƙasa ta Afirka mai suna Wakanda. Kada ku nemi Wakanda cikin taswira, ba ta nan. Duk waɗannan jarumai ƙagaggu ne, kamar yadda Gizo da Ƙoƙi suke ƙagaggu cikin tatsuniyarmu.

Yadda sunka iso wurinmu

Tsofaffin ƴan lakkwal suna tune da wasu ƙananan littattafai na Faransanci: Akim, Zembla da Blek. Ana sayo tsofaffinsu a kasuwannin Yamai, su yi ta yawo hannu-hannu har su yage. Akwai kuma mujallar yara mai suna Kouakou, wadda anka fara bugawa a 1966 don ƴan makarantun Afirka. Daga 1970 wata mujalla mai suna Strange ta riƙa juya labaran jaruman Amurka zuwa Faransanci.

Bayan littattafai sai bidiyo, sai tele, sai salula. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne, amma hoto ba ya jin nisa. Ku duba ran kasuwa, wurin masu kayan bosho. Za ku ga riga mai babban harafin S a ƙirji. Za ku ga jakar lakkwal mai hoton Spider-Man. Yaron da bai taɓa riƙe «bede» ba ma ya san su.

Sai dai akwai abu guda. Akim da Zembla Turawa ne da anka maida sarakunan dawa. Cikin irin labaransu, sau da yawa baƙin mutum ɗan dako ne, ko wanda ake ceto. Yaro in ya daɗe yana kallon haka, sai ya ɗauka jarumi kullum daga waje yake zuwa. Nan ne zanen ɗan Filinge yake da muhimmanci.

Kwaikwayo daban, sakewa daban

Zane iri biyu yara suke yi.

Na farko kwaikwayo ne. Yaro ya aje hoto gabansa, ya bi shi layi-layi har ya fito daidai. Wannan ba laifi ba ne. Haka kowa yake fara koyo. Mu ma cikin aji haka munka fara: malam ya rubuta «a» bisa allo, munka bi hannunsa.

Na biyu shi ne sakewa. Yaro ya ɗauki jarumin da kowa ya sani, ya tambayi kansa: in da a Kurfai anka haife shi, yaya zai kasance? Mi zai sa? Ina zai kwana? Wa zai taimaka ma? Nan ba hannu kaɗai yake aiki ba, har da kai.

Mu ɗauki misali. Spider-Man na birnin Niyok ne, inda gidaje suke da hawa hamsin ko fiye. Yana jefa zarensa daga wannan bene zuwa wancan, yana lilo. To, a kawo shi Filinge, ina zai rataya zaren? Dole mai zane ya yi tunani. Wataƙila ya sa shi lilo daga gawo zuwa goruba cikin dallol. Wataƙila ya sa shi hawan duwatsun bakin dallol, ko dogon ƙarfen salula. Wani yaro ma yana iya tuna cewa mu da Gizo mun daɗe da sanin juna. Sai ya ba shi wayon Gizo da tsamin bakinsa, ya aje masa Ƙoƙi a gida. Kun ga ke nan, jarumin baƙo ya sa yaro ya dubi garinsa da kyau.

Kowa ya ara

Kada mu ce yaranmu sun cika son kayan wasu. Aro tsohon abu ne cikin wannan sana'a.

Superman kansa da aro anka haɗa shi. Matsattsun kayansa irin na masu wasan nuna ƙarfi ne na wancan zamani. Ƙarfinsa kuwa daga labaran ƙarfafan mutanen dā anka samo shi.

A 1975, a Najeriya, anka fara buga labarin wani baƙin jarumi mai suna Powerman. Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, su ne masu zanen. An sa ma gidajen zane lamba, 1, 2, 3, don sabon mai karatu ya san inda zai bi. Duk ƙarfin Powerman, abu guda yake karya shi: saran maciji. Wannan tsoro ne da kowane manomi ya sani.

A 2004 anka yi Spider-Man na ƙasar Indiya. Sunansa Pavitr Prabhakar, yana zaune a Mumbai, yana ɗaura farin zane irin na mazan ƙasarsu. A 2011 anka yi wani Spider-Man baƙar fata, Miles Morales. Da silimansa ya fito a 2018, masu zane a ƙasashe da yawa sunka shiga zana nasu Spider-Man, kowa da kamarsa da kayan garinsu. Wani ɗan Najeriya kuma, Roye Okupe, ya ƙago jaruma mai suna Malika. Daga tarihin Amina ta Zazzau ya samo ta.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. A 2018 anka yi siliman Black Panther. Matar da ta tsara tufafin ciki, Ruth Carter, ta duba suturar al'ummun Afirka da yawa. Cikinsu har da ta Buzaye, masu rawani da baƙin shuni da kayan azurfa. Irin suturar da muke gani a kasuwar Bonkuku da ta Balayara ke nan. Da wannan aiki ta samu babbar kyautar silima ta Oscar a 2019. Ashe su ma sun ara daga gare mu. To, in Ba'amurkiya ta ga kyan rawaninmu, don mi ɗanmu ba zai naɗa ma jaruminsa shi ba?

Darasin Mustafa Alasan

A nan Nijar muna da babban malami cikin wannan fage. Shi ne Mustafa Alasan, wanda anka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Tun yana saurayi yake yanka hotuna a kwali, ya haska su da fitila, mutane su taru su kalli inuwarsu. Daga baya ya zama ɗaya cikin na farko da sunka yi siliman zane mai motsi a Afirka ta Yamma. A 1966 ya yi «Bon voyage Sim», labarin shugaban ƙasar kwaɗi. Ya yi kuma «Kokoa», inda dabbobi suke kokowa irin tamu. Ya daɗe yana zaune a Tawa.

Cikin 1966 ɗin dai ya yi wani silima da mutane, «Le Retour d'un aventurier», wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba ma abokansa huluna da bindigogi. Sunka canza sunayensu, sunka hau dawaki, sunka shiga yin abin da suke gani cikin silima. Daga wasa sai sata, sai faɗa, har da kisa. Gari ya rikice.

Abin lura a nan shi ne: samarin sun ɗauki kayan baƙi, sunka yar da hankalinsu. Shi kuwa Mustafa Alasan ya ɗauki siliman baƙi, ya faɗi maganar ƙasarsa da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Amma in tela ya warware rigar, ya sake ɗinka ta daidai jikinka, ta zama taka.

Yadda ake sake jarumi

Wannan aiki ba na yara kaɗai ba ne. Hannun da ya iya rubuta «ƙ» da «ɗ» yana iya zane. Ga hanya.

Na ɗaya, kayan aiki. Ba sai an kashe kuɗi ba. A fara bisa rairayi da tsinke. In ya ɓaci a share da tafin hannu. Daga nan allo da alli. Takardar buhun siminti tana da kyau, tana da ƙarfi. Gawayi yana ba da baƙi, jar ƙasa ta ba da ja, shunin wanki ya ba da shuɗi. Kayen lakkwal kuwa a bar shi ma karatu.

Na biyu, ƙashin zane. Kada a fara da ido ko hanci. A fara da ƙwai, shi ne kai. A ja layi guda, shi ne gadon baya. A ja layukan hannuwa da ƙafafu kamar karan hatsi. In tsayuwar ta yi daidai, sannan a sa nama. Ga awon da masu zane suke bi: tsawon babban mutum ya kai tsawon kansa sau bakwai da rabi. Jarumi kuwa sukan ba shi takwas ko fiye, don ya yi kwarjini. Ƙaramin yaro huɗu ne zuwa biyar. In kai ya yi girma da yawa, jaruminka zai koma jinjiri.

Na uku, abin da za a bari. Dole a bar wani abu da zai sa a gane jarumin. Superman, mayafinsa da tsayuwarsa. Batman, kunnuwansa biyu masu tsini. Spider-Man, manyan fararen idanu da saƙar gizo-gizo. Abu ɗaya ko biyu sun isa.

Na huɗu, abin da za a canza. Nan ne daɗin aikin yake. Mayafi ya koma gwado ko saƙaƙƙen bargo. Gajeren wando ya koma walki irin na ƴan kokowa. A sa masa kambu da guru. Abin rufe fuska ya koma amawalin rawani. Wonder Woman tana da igiya. To, a Kurfai igiya ta rijiya ce, sai a haɗa mata da guga. Batman yana da baƙar mota. Namu sai ya hau baƙin doki, ko raƙumi.

Na biyar, abokin gaba. Jarumi ba ya cika jarumi sai da abin da yake yaƙa. Mu ba mu da dodon ƙarfe. Amma mun san fari. Tsofaffi sun ji labarin yunwar 1931 da fara ta jawo. Wasunmu sun ga farin 1973 da na 1984. Mun ga farar 2004 da wahalar da ta biyo a 2005. Mun san wutar daji da ke cinye ciyawa, mun san ɓarayin dabbobi, mun san rijiya mai zurfi da ruwa kaɗan. Yaro yana iya zana jaruminsa yana kare garken jajayen shanun Azawak irin na Tukunus. Yana iya zana shi ɗauke da mace mai naƙuda, yana tashi da ita zuwa likita cikin dare.

Na shida, suna da magana. A ba jarumin suna na Hausa. A zana ƴar da'ira kusa da bakinsa, a rubuta abin da yake faɗi ciki. Nan zane ya haɗu da karatunmu. Ɗa ya zana, uwa ko uba su rubuta maganar. Ba ƙaramin daɗi ba ne mutum ya ga rubutunsa cikin bakin jarumi.

Wanda hannunsa ya faɗa, sai ya juya aikin. Maimakon ya kawo na waje gida, ya ɗauki namu ya zana su da irin wancan salo. Ga Sarauniya ta Lugu, maƙwabciyarmu a Arewa, wadda ta tsaya gaban sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Ga Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin kokowar ƙasa na farko a Tawa a 1975. Ga kuma jaruman da ba a buga sunansu ko'ina ba: mai ginar rijiya, da unguwarzoma.

Abubuwa uku na kiyayewa

Na farko, a gaya ma ƙananan yara gaskiya. Ba mutumin da yake tashi sama. Kada yaro ya ɗaura zanen uwarsa a wuya, ya hau rumbu ko katanga, ya ce zai tashi. Karaya ce ƙarshenta. Bisa takarda kawai ake tashi.

Na biyu, waɗannan jarumai suna da masu su. Superman da Batman na kamfanin DC ne. Spider-Man da Black Panther na kamfanin Marvel ne. In ka zana don koyo, ko don ka nuna ma abokai, ba mai biyo ka. Amma buga su cikin littafi ko bisa riguna don sayarwa, sai da izinin masu su. Wanda yake son ya ci abinci da zane, gara ya ƙago nasa jarumi, da sunansa da alamarsa. Kuma ya riƙa sa sunansa ƙarƙashin kowane zane. A Yamai akwai ma'aikatar kare haƙƙin masu fasaha, ana ce mata BNDA.

Ku ji abin da ya samu samarin nan biyu na Kilibilan. A 1938 sunka sayar da Superman ɗungum kan dala 130 ta Amurka, ba dalarmu ta sefa ba. Kamfani ya samu dukiya mai ɗimbin yawa da shi. Su kuwa sunka tsufa cikin talauci, har idanun Shuster sunka kusa mutuwa. Sai a 1975 kamfanin ya yarda ya riƙa ba su kuɗi kowace shekara, ya maida sunansu bisa littattafan. Darasi gare mu duka: kada ka sa hannu bisa takardar da ba ka karanta ba, ko wadda ba ka gane ba.

Na uku, maganar addini. Wasu iyaye ba su son a zana abu mai rai cikin gidansu. Malamai sun yi bayani iri-iri kan wannan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya tambayi malaminsa. Ko da haka ne, ba sai an kashe baiwar yaro ba. Yana iya zana gidaje, itatuwa, motoci, adon bango da kyakkyawan rubutu.

Mi za mu ce ma yaro?

Zane sana'a ce. Wa ya zana allon mai aski? Wa ya rubuta sunan shago, wa ya yi adon bayan mota? Wa ya zana hotunan rigakafi da muke gani a likita, da hotunan wannan littafi da ke hannunku? Duk mutane ne da sunka fara da ɓata bayan kaye. Tela mai surfani, magini da kafinta, dukansu suna bukatar ido da hannu irin na mai zane.

Ba a ce a bar yaro ya yi ta zane ya ƙi lissafi ba. Komi da lokacinsa. Amma in ka ga zanensa, kada ka fara da faɗa. Fara da tambaya: wane ne wannan? Ina yake zaune? Wa yake taimako? Amsar da zai ba ka za ta nuna maka abin da yake tsoro, da abin da yake so ya zama.

Magidancin nan na Filinge haka ya yi daga baya. Ya sake duba zanen, ya ce: «To, hauyar fa, ta mi ce?»

Yaron ya ce: «Baba, in damina ta faɗi, shi zai nome gonakin tsofaffin da ɗiyansu sunka tafi bida. Kwana guda ya ishe shi.»

Uban ya yi shiru. Ran kasuwa ya samo masa takardun buhun siminti, ya ce: «Ga naka. Kaye kuwa na mushe na. Amma ni zan rubuta maganar da zai faɗi.»

Tambayoyi

1. Wace shekara Superman ya fito, kuma su wa sunka ƙago shi?
2. Mene ne bambancin kwaikwayo da sakewa?
3. Mi ya samu samarin da sunka sa kayan kaboyi cikin siliman Mustafa Alasan?
4. Don mi bai kamata a sa hannu bisa takardar da ba a karanta ba?
5. In kai ne mai zane, wace matsala ta garinku jaruminka zai fara yaƙa?

Aikin gida

Ka zauna da wani yaro na gidanku. Ku zana jarumi guda, ku ba shi suna. Ka rubuta jimla biyu da zai faɗi. Ka kawo takardar aji mu karanta tare.